Tsakanin 58 da 64: neman lob wej da za ta iya da ƙasar Zariya

11 ga Janairu, 2025

Aikin da na ɗora wa kaina a bana ba babba ba ne, amma ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya: in zaɓi lob wej, sandar golf ta ɗaga ƙwallo sama a gajeren bugu, guda ɗaya da za ta zauna a jakata, in huta da aron ta mutane. Dokar golf ba ta yarda ɗan wasa ya shiga fili da sanda fiye da 14 ba, kuma ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. A 2001 an ci Ian Woosnam tarar bugu biyu a ranar ƙarshe ta gasar Open a Ingila, don kawai an ƙirga 15 a jakarsa. Tawa 12 ce a ciki: direba (sandar bugun farko mai nisa), sandunan nesa uku, ƙarafa daga 5 zuwa 9, ficin wej, wej ta yashi mai digiri 56, sai fota ta tura ƙwallo cikin rami. Saura gurbi biyu ke nan.

Lambar da ake bugawa a gindin wej tana faɗin yadda fuskar sandar ta kishingiɗa ne, da digiri. Iya kishingiɗarta, iya tashin ƙwallo sama, iya kuma gajarcin tafiyarta. Lob wej ce ta ƙarshe a layi, daga 58 zuwa 64, kuma 60 aka fi gani a hannun mutane. Aikinta ɗaya ne: ƙwallo ta tsallake ramin yashi ko tudu, ta sauko ta tsaya ba tare da ta yi ta gangarawa ba.

Na samu aron guda uku. Alhajin da muke zagaye tare ranar Asabar ya ba ni 58 ɗinsa. Wani abokina likita da ke zaune a Samaru ya ba ni 60. Ita kuwa 64, daga hannun ɗan wani aminina ta fito, matashi ne da ya yi odarta ta intanet bayan ya ƙoshi da kallon fitaccen ɗan wasan golf Phil Mickelson a YouTube. Da ya miƙo mini ita cewa ya yi, "Baba, kar ka yi gaggawar dawo da ita."

19 ga Janairu

Gwajin farko, da sanyin safiya, hazo ya rufe gari. Ciyawa ta ƙone tun Nuwamba, abin da ya rage jar ƙasa ce da tsakuwar marmara, ta bushe ƙamas. Na tsaya kimanin yadi 30 daga burawun, wannan dandalin yashi da aka cuɗa da mai inda rami yake, wanda muke bugawa a kansa maimakon korayen girin ɗin da ake gani a talabijin.

Da 64 na fara. Abin da ba a gane wa sai an riƙe ta shi ne, yadi 30 ɗin nan sai ka ɗaga hannu kusan kafaɗa kafin ƙwallo ta kai, domin yawancin ƙarfin bugun sama yake tafiya. To, idan fuskar ta shiga ƙarƙashin ƙwallo daidai, sai ka ga abin sha'awa: ta tashi tsaye, ta sauko ta zauna. Idan kuwa gindin sandar ya riga taɓa ƙasa da ko ɗan yatsa ɗaya ne, sai ya yi tsalle, bakin sandar ya sari ƙwallo a ƙugu, duk ƙarfin nan da ka tara ya koma gaba. Ƙwallo ta wuce burawun fiii, ta tsallake wanda ke share yashi, ta shige cikin dalbejiya. Irin na biyun ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Kadina, wato mai ɗaukar mini jaka, wanda ya fi ni sanin filin nan, ya karɓi sandar ya juya ta, ya ce, "Yallaɓai, wannan ta masu ciyawa ce." Bai ƙara ko kalma ba, ya saka ta a jaka ya ja zif.

60 ta ɗan fi sauƙi, amma ita ma tana tsalle. 58 ce ta ba ni mamaki. Digiri biyu kacal ke tsakaninta da 60, amma tana zamewa a ƙasa sumul, kamar ba dangin juna ba ne. Digiri biyu bai isa ya kawo wannan bambancin ba. Akwai wani abin.

2 ga Fabrairu

Na gano abin, kuma a rubuce yake a jikin sandunan tun farko. Kowace tana da lamba ta biyu, ƙarama, a gefen babbar. Ta Alhaji 58 da 08. Ta likita 60 da 12. Wannan ta biyun ita ce bawuns, wato tudun da ke tafin sanda: yadda bayan tafin ya sauko ƙasa ya wuce bakin. Ka ajiye sandar a kan siminti ka durƙusa ka duba, za ka ga bakin mai 12 a ɗage yake, har kana iya zura kwabo a ƙarƙashinsa, na mai 08 kuwa ya kusa manne da ƙasa.

Tudun nan ba kuskuren maƙera ba ne. Gene Sarazen, ɗan wasan Amurka, shi ya yi fice da shi: ya narka dalma ya ƙara wa gindin sandarsa kauri don ta daina nutsewa a yashi, ya je da ita Ingila ya ci gasar Open ta 1932. Tun daga nan ake ƙera wej da tudu. A yashi mai laushi ko a jiƙaƙƙiyar ciyawa, tudun ne ke hana sanda binne kanta. A ƙasar da ta bushe irin tamu kuwa, babu inda zai nutse, sai ya daki ƙasa ya dawo sama, ya tafi da bakin sandar zuwa tsakiyar ƙwallo. Masu ƙera sanduna suna kasa shi kashi uku: ƙarami daga 4 zuwa 6, matsakaici daga 7 zuwa 10, babba abin da ya haura haka.

Ke nan gwajin makonni biyu da suka wuce ba na adalci ba ne ga 60. Ba digirinta ya kayar da ita ba, tafinta ne. Na faɗa wa likita haka, ya yi dariya ya ce shi a Legas ya saye ta, kuma can ba ta taɓa ba shi kunya ba. Na yarda da shi. Ƙasar Ikoyi daban, ta Zariya daban.

Abin da ke ba ni haushi shi ne duk wanda ka tambaya a bakin fili wace lob wej yake riƙewa, lamba ɗaya zai faɗa maka. Ta biyun, wadda a wurinmu ta fi ta farko tasiri rabin shekara, da yawa ba su ma san tana nan ba.

9 ga Fabrairu

Iskar hunturu ta taso da ƙarfi yau daga arewa maso gabas. Duk ƙwallon da ta yi sama sosai, iska ce ke zaɓa mata wurin sauka. 64 ta koma wurin mai ita da yamma. Bai nuna farin ciki ba.

22 ga Fabrairu

Yau awo na yi, ba wasa ba. Kadina ya tsaya can gaba da tutoci, ni ina bugawa da cikakken ƙarfi, yana kafa alama inda ƙwallo ta fara sauka, ba inda ta tsaya ba, domin a wannan ƙasar gangarawa kaɗai tana iya ƙara yadi 20 ta ruɗe ka.

Ficin wej ɗina tana kai wajen yadi 110. Ta yashi, mai 56, wajen 80. 58 tana sauka kusa da 72, kuma ƙwallayen sun taru wuri guda. 60 tana tsakanin 55 da 70, yau nan gobe can, ba ta da alkawari.

Da na duba takardar kamfanin da ya ƙera ƙarafana, sai na ga ficin wej ɗin digiri 45 ce. A da, irin wannan sandar 48 take ko ma 50. Kamfanoni sun yi ta miƙar da fuskokin ƙarafa shekara da shekaru don mai saye ya ga ƙwallonsa ta ƙara nisa ya ji daɗi, amma wej ta yashi tana nan a 56 inda aka bar ta. Sakamakon haka, tsakanin 45 da 56 akwai digiri 11 babu komai, yadi 30 cur da ba ni da sandar da zan buga shi da ita sai dai in rage ƙarfi in yi ta kame-kame. Abin da masu koyarwa suka saba faɗa shi ne a bar digiri 4 zuwa 6 tsakanin wej da 'yar uwarta, wanda yake ba da tazarar yadi 10 zuwa 15.

Wannan ya sauya lissafin gaba ɗaya. Bugun yadi 95 yana zuwar mini a kusan kowane zagaye, sau da yawa ma. Bugun da sai lob wej za ta fitar da ni, ba ya wuce biyu ko uku. Don haka gurbi ɗaya na 50 ne, babu gardama. Saura ɗaya. Idan na bar 56 yadda take, lissafi ya ce 60 ce ta dace ta bi ta, domin 56 da 58 sun yi kusa da juna har ɗaya ta zama asarar gurbi. Amma hannuna da 58 ya saba. Zan kwana da wannan.

16 ga Maris

Azumi ya kama, zafi kuma ya sauko, fili sai bayan salla. Abin da nake yi shi ne bayan la'asar in shimfiɗa tsohuwar darduma a tsakar gida in yi ta ɗan tsinkar ƙwallo zuwa cikin bokiti. Uwargida ta kwashe tukwanen furanninta ta kai bayan ɗaki, ba ta ce komai ba.

Na yi amfani da hutun na duba tsagogin fuskar sandunan. Su ne ke kama ƙwallo su sa ta juyawa da baya, kuma suna cinyewa. Kamfanin Titleist yana ba da shawarar a duba wej idan ta yi zagaye 75. Wannan lissafin masu ciyawa ne. Mu da kowane bugu sai sanda ta gurji tsakuwa, ba na jin tana kai haka da kaifinta. Na goga farce a fuskar 56 ɗina, tsakiyar ta yi santsi, ga wani ɗan tabo mai sheƙi daidai faɗin ƙwallo. Duk mai niyyar sayen wej ta gwanjo, ya fara da wannan gwajin kafin ya tambayi kuɗi. In farce bai maƙale a tsaga ba, a bar wa mai ita kayarsa.

Jiya bayan shan ruwa na leƙa wurin wani dattijo a Tudun Wada, wanda ya fara da ɗaukar jaka tun yana yaro har ya zama ana tsoronsa a fili. Na kwashe labarin lambobin nan duka na faɗa masa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, kai da ke buga burawun, me ya kai ka sama? Ɗauki ƙarfe 8, ka sa ta a ƙasa, ta gangara da ƙafarta." A ganinsa lob wej kayan ado ne.

Na ce masa, "Baba, ai Tom Kite da ita ya ci gasar US Open a 1992. A rami na 7 a Pebble Beach, ranar ƙarshe, iska na kaɗawa, ya tsinko ƙwallo daga cikin ciyawa da 60 ta faɗa rami kai tsaye." Kite yana cikin na farkon da suka fara ɗaukar 60 a manyan gasanni, bisa shawarar Dave Pelz, masanin kimiyyar da ya bar aiki a hukumar NASA ya koma nazarin gajeren bugu. Baba ya ce, "To, shi wannan Kite ɗin, aikinsa ke nan daga safe har dare. Kai kuma Asabar kawai."

Ban samu amsar ba shi ba, kuma har yanzu ina ganin kashi bakwai cikin goma na maganarsa gaskiya ne. Inda muka rabu shi ne sauran ukun: idan ramin yashi ya shiga tsakaninka da tuta, ƙarfe 8 ba ya da hanyar bi.

13 ga Afrilu

Na yanke shawara a kan 56: za a lanƙwasa ta ta koma 54. Da haka jerin zai zama 45, 50, 54, 58, tazara biyar, huɗu, huɗu. Akwai ƙarin riba a ciki. Duk digiri ɗaya da aka rage wa fuska, tudun tafi ma yana raguwa da kusan digiri ɗaya. Tawa 14 take da shi, wanda ya yi yawa ga filinmu, za ta dawo 12, ta ci gaba da aikinta a yashi.

Wani a cikin abokan zagaye ya ce in kai wa mai walda a Sabon Gari, minti biyar ya gama. Allah Ya ba mai walda sa'a a sana'arsa, amma ba da sandata ba. Akwai na'urar da ake ɗaure kan sandar a ciki, a sa maƙala a wuyanta a ja a hankali ana duban ma'auni. Sandar da aka ƙera da ƙarfe mai laushi tana karɓar digiri biyu ba matsala, wadda aka zuba da ƙarfe mai tauri kuwa tana iya tsagewa a wuya. Na ba ƙanena da ke aiki a Abuja ya kai wa wani mai gyaran sanduna da ke da na'urar. Na haɗa masa da 58 ɗin Alhaji, da izininsa, a auna ta kawai. Ta dawo da labarin cewa 58 ɗin ce da gaske. Ba kullum ake dacewa haka ba: sandar da ta sha dukan ƙasa mai tauri tana iya gocewa daga lambar da ke jikinta.

25 ga Mayu

Ruwa ya sauka, kuma duk abin da na rubuta a Fabrairu ya juye. Ƙasa ta yi laushi, ciyawa ta fara tsiro, 58 mai tudu 08 da nake yabo ta koma shiga ƙasa kamar fartanya. Sai ka ga ɓangaren laka ya tashi ya riga ƙwallo isa gaba. Na sake karɓo 60 ɗin likita don in gani, ai kuwa ta zama wata sanda daban: tudun nan 12 da ya hana ta sakat a rani, yanzu shi ke ɗauke da ita a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Likita ya tsaya a gefe yana murmushi, ya ce, "Malam, ka ga Legas ta zo Zariya."

Na yi tunanin ko in sauya ra'ayi. Ban sauya ba, kuma dalilina biyu ne. Na farko, daga Nuwamba har zuwa Afrilu ƙasar nan a bushe take, kuma a wannan lokacin ne aka fi buga wasa, ba ruwa ba tsawa. Na biyu, a damina ina da mafita: 54 mai tudu 12 tana yin kusan duk abin da nake buƙata a kan laushi. A rani kuwa, idan lob wej ɗina mai babban tudu ce, ba ni da wata sandar da za ta shiga ƙarƙashin ƙwallo a kan marmara. Gara wej biyun nan su bambanta a tafi, ɗaya ta damina ɗaya ta rani, da a ce duka biyun yanayi ɗaya suka iya.

Burawun ma ya sauya hali. Da ya sha ruwa ya daddale, ƙwallon da ta faɗo daga sama tana yin tsalle gaba, ba kamar a rani ba da take lumewa cikin yashi ta tsaya inda ta sauka, mai shara ya zo ya ja maka hanya sumul zuwa rami.

22 ga Yuni

Ciyawa ta kai idon sawu a gefen fili. A nan ne na koyi abin da ya kashe mini sha'awar 60 gaba ɗaya. Idan ka juya fuskar 58 ta buɗe kaɗan kafin ka kama mariƙi, ba bayan ka kama ba, kishingiɗarta tana ƙaruwa ta wuce 60, tudun tafin ma yana ƙaruwa. Wato a cikin 58 akwai 60 da 62 ga wanda ya iya buɗe ta. Amma mayar da 60 ta yi aikin 56 ya fi wuya, sai ka tura hannu gaba, bakin ya kafe a ƙasa.

Alhaji ya nuna mini a bayan wani ramin yashi mai tsayin baki, tuta na nan kusa da gefen da muke. Ya buɗe ƙafafu, ya sa nauyinsa a ƙafar hagu, ƙwallo ta ɗan yi gaba da tsakiya, ya buɗe fuskar har tana kallon sama, ya yi lilo a natse bai tsaya a kan ƙwallo ba. Ta haye ramin ta sauka taku biyu daga tuta. Ya ce, "Abin da ke kashe ku tsoro ne. Kuna ɗaga hannu da yawa, sai ku ja birki a ƙasa." Gaskiya ne, kuma iya yawan digiri iya yawan tsoron, domin lilon da ake buƙata yana ƙara tsawo.

6 ga Yuli

Inda aka tsaya: 50 ta iso, ta gwanjo ce amma tsagoginta da sauransu, kuma ta toshe giɓin yadi 95 ɗin nan tun ranar farko. 54 tana aiki. 58 ta koma wurin Alhaji, domin ya fara tambayarta da wasa, wanda a wurinsa ba wasa ba ne. Na ba da saƙon tawa, 58 mai tudu 08, ta hannun wani da zai dawo daga Ingila a ƙarshen wata. Canjin fam ya sa na yi shiru na ɗan lokaci kafin na tura kuɗin.

Abu biyu suka rage. Ƙotar 58 ɗin Alhaji ta fi ta ƙarafana nauyi, kuma ina so in gwada ko nauyin ne ya sa take zauna mini a hannu, kafin in yanke ko za a sauya wa sabuwar ƙota. Sannan ƙanena ya yi mini alkawarin zagaye a filin IBB na Abuja cikin Agusta, inda girin na ciyawa ne, in ga yadda 58 ke tsayar da ƙwallo a can. Matashin nan mai 64 ya ji labari, ya ce zai bi mu da tasa.